Jikokin da Suka Dawo wa Inna Yalwa da Bakinta

Ku gyara zama. Labarin maƙwabtana zan ba ku yau, in na gama kuma hukunci yana hannunku.

A Kazaure, can gefen dam inda duwatsu ke leƙa fuskarsu cikin ruwa, an yi wata tsohuwa mai suna Inna Yalwa. Mace ce mai yawan mafarki. Kullum da safe, kafin kunu ya huce, sai ta tara jikokinta uku ta ba su labarin abin da ta gani: yau kwalekwale ya ɗauke ta cikin gajimare, gobe gonar gero ta biyo ta har gida. Wata damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ta rayu, amma harshenta ya yi nauyi. In ta yi magana, sautin kamar daga ƙarƙashin ruwa yake fitowa, ba mai gane ko kalma ɗaya. Ga shi ba ta iya rubutu ba.

Jikokin nan, Lurwanu da Mardiyya da Kubura, duk sun yi karatu, kuma duk sun shiga sabon ilimin nan na koya wa na'ura gane abu ta hanyar nuna mata misalai masu yawa. Ilimi ne mai gudu kamar kogi a tsakiyar damina. Abin da aka koyar bara, bana har ya tsufa. Kowannensu da yadda yake bin sa.

Lurwanu, babbansu, mai farauta ne. Ba sabon darasi ko bidiyo ko muƙala da za ta fito a intanet ba tare da ya ji ƙamshinta ba. Yakan hau dutse da hantsi, inda waya ta fi kamawa, ya zauna shaho na shawagi a kansa, yana sauke darussa. Sai dai bai taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba, don kafin ya kai rabi wani sabo ya kira shi. A kan dutsen nan ne wata rana ya ci karo da wani darasi da bai fi mako da fitowa ba, kan yadda na'ura za ta koyi maganar mutum guda ko da harshensa ya karye. Ya sauko a guje, takalminsa a hannu.

Mardiyya ba ta bin sababbin abubuwa. Darasi ɗaya ta riƙe, tsoho, na lissafin da ke ƙarƙashin ilimin duka, ta yi ta maimaita shi har ya zauna mata kamar karatun allo. Lurwanu kan tsokane ta da cewa jirgi ya tashi ya bar ta a tasha. Amma da ya kawo darasin, shi kansa bai fahimci komai a ciki ba bayan gabatarwa. Mardiyya ce ta warware shi zare-zare, ta gano an tsara shi ne don manyan kwamfutoci da kuma wasu harsuna, ta rage shi, ta gyara shi har ya shiga 'yar tsohuwar kwamfutarsu, ya kuma karɓi Hausa.

Kubura, autarsu, da kunne take karatu. Tana wanki ko tankaɗe, waya na gefenta tana sauraron darussa kan tattara bayanai da tsabtace su. Ta san na'ura ba ta koyon komai sai abin da aka ciyar da ita. Don haka ta shimfiɗa tabarma kusa da Inna, daga kaka har bazara. Ta ɗaga kofi, Inna ta faɗi sunansa, ita kuma ta naɗi muryar a waya. Ta nuna ƙofa, ta nuna ƙirji, ta nuna sama. Ta ware muryar daga kukan kaji da ƙarar babur, ta rubuta wa kowane sauti ma'anarsa. Ranar da Inna ta gaji ta juya wa bango fuska, Kubura ce ta yi ta lallashinta da waƙa har ta juyo.

Akwai wata magana da Inna ta daɗe tana nanatawa da hawaye. Mutanen gida sun ɗauka marigayi mijinta take kira. Ranar da aka kunna na'urar, ta sake faɗa, sai rubutu ya fito a hankali: “Maganin nan yana ƙona mini ƙirji.”

Aka garzaya da ita asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da abin ya fi ƙarfinsu. Ya sauya magani, Inna ta farfaɗo.

Daga nan mafarkai suka dawo gidan. Da safe ta yi magana, Lurwanu ya karanta a bayyane. “Maigida,” in ji ta, domin da haka take tsokanarsa, “jiya na ga dam ya tashi sama, kifaye na iyo tsakanin bishiyoyin kuka.” Har mu maƙwabta mukan shigo mu zauna mu ji.

Bayan damina ta sake zagayowa, wata yamma ta kira su ukun. Ta zare zoben azurfa da ta gada daga mahaifiyarta, ta ajiye shi a tsakiyar tabarma. Na'ura ta rubuta: “Na wanda ya dawo mini da bakina ne.”

Mardiyya ta ce, “Inna, wanne daga cikinmu?”

Ta yi murmushi da rabin fuskarta mai motsi, ta faɗi kalma ɗaya. Na'urar ba ta taɓa jin kalmar ba, ba ta rubuta komai ba. Kubura ma ba ta gane ba. Suka roƙe ta ta maimaita, ta lumshe ido kawai. Kafin mako ya zagayo Allah Ya karɓi abarsa.

Zoben yana nan har yau, ba wanda ya sa shi. Da Lurwanu bai hau dutse ba, da darasin ya wuce ba su sani ba. Da Mardiyya ba ta riƙe tushe ba, da darasin ya zauna a waya ba amfani. Da Kubura ba ta zauna a tabarma ba, da na'urar ba ta da abin koyo.

To, jama'a, yatsan wa ya kamata zoben nan ya shiga?