Ranar Da Aka Sauke Wa Bene Ƙugiya

Akwai wata makanikiya da kowa ke kira Auta, saboda ita ce ƙarama a gidansu. Ku gyara zama, 'yan wannan shafi, don labarin nan ya daɗe yana cina a rai.

A garejin mahaifinta ta tashi, a nan ta koyi komai. Da Allah ya yi masa rasuwa ita ta riƙe wurin, amma masu manyan ayyuka suka janye ɗaya bayan ɗaya. Za su zo su yi ta'aziyya, su yi doguwar addu'a, sannan su kai aikinsu gaba. Wata takwas ba ta ga komai ba sai juyen baƙin mai da gyaran birki, har ta fara tunanin rufe ƙofa.

Ana cikin haka wata ƙungiyar manoma ta kawo mata babban injin ban-ruwansu. Ba don sun yarda da ita suka zo ba, gareji uku ne suka ce musu injin ya mutu. Auta ta kwance shi ƙusa-ƙusa, ta yi mako biyar a kansa, har ya tashi yana rugugi kamar sabo.

Ranar da ya tashi, shugaban manoman ya iso fuska a murtuke. Ƙaramin injin da suke maneji da shi ya buga, dashen tumatirin gida arba'in ya fara yaushi, in aka ƙara kwana biyu babu ruwa shi kenan. Dole injin ya isa gona a yau. Auta kuwa ta san in wani abu ya sami injin nan a hanya, da manoman da garejin babanta duk tare za su kwanta.

Tana da ƙaramar tirela mai taya huɗu, amma ba ta da motar ja. Sai ta kira yayanta.

Shi Yaya shagon taya gare shi, kuma yana da wata a-kori-kura da ya fi ƙauna fiye da abincin rana. Ya ɗaga ta sama da dogayen sifirin, ya zuba mata tayoyi masu kaiwa ƙugun mutum, har 'yan unguwa suka sa mata suna Bene. Mahaifiyarsu sau ɗaya ta taɓa shiga, shi ma sai da aka kawo kujerar tsakar gida ta taka, ta rantse ba za ta ƙara hawa motar da ake bukatar tsani ba.

Kafin minti ashirin sai ga Bene ta karyo kwana tana huci, da abokan Yaya biyu a baya, wayoyi a hannu, wai za su ɗauki bidiyon yadda ake jan kaya.

Aka turo tirela aka maƙala a ƙugiyar motar. Auta ta ja baya ta ƙura ido, ta ɗauko tef ɗin awo, ta auna gaban tirelar, ta auna bayanta. Gaba ya fi baya tsayi da inci goma. Da aka ɗaga motar, ƙugiyar ma ta bi ta sama, don haka tirelar ta ɗaga hanci, tayoyinta na gaba da ƙyar suke taɓa ƙasa.

Ta yi wa Yaya bayani a hankali. In aka ɗora inji a haka, nauyin duka zai koma baya, da an ɗan taka mota tirelar za ta fara kaɗa wutsiya, kuma ba wanda zai iya riƙe ta. Ta roƙe shi ya ba ta awa ɗaya ta yi waldar wani ƙarfe da zai sauko da ƙugiyar ƙasa.

Yaya ya kwashe da dariya. Ya buɗe aljihun mota ya zaro littafin kamfani, ya nuna wa shugaban manoma inda aka rubuta cewa motar tana jan tan uku. Ya je ya karanta farantin da ke jikin injin, kilo ɗari tara. Ya ce wannan ai abin da Bene za ta ja ne tana hamma.

"Yaya, wancan lissafin na motar da kamfani ya ƙera ne, ba ta wadda ka mayar bene ba," in ji Auta. "Ɗari taran nan kuma nauyin busasshen inji ne, babu mai, babu ruwa, babu lagireto, babu gadon ƙarfen da yake zaune a kai. Jiya na rataye shi a sikeli. Dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin."

Ya ce ko dubu biyu ne ba damuwarsa ba ce, kuma ba wanda zai manna wa motarsa wani mummunan ƙarfe yana reto a baya. Ya tuna mata cewa shi ya goya ta, yana tuƙi tun tana zubar da majina.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shugaban manoman. Mutumin da gareji uku suka juya wa baya, matar nan ta tayar masa da mataccen inji, amma da ya ga namiji da ƙatuwar mota sai ya koma bayansa. Ya ce ita aikinta ya ƙare, ta bar maza su yi na hanya, rana na yi.

Ran Auta ya ɓaci ƙwarai. Amma ba ta ɗaga murya ba. Ta je ta zauna a kan gadon injin ta ce ba zai motsa daga nan ba sai an yi mata abu ɗaya. Maƙwabcinta mai buga bulo yana da yashi. A cika buhu ashirin da biyar, kowane kilo hamsin, a ɗora a daidai inda injin zai zauna, Yaya ya ja a tsohuwar kwaltar bayan gareji da ba kowa ke bi ba. In ya je ya dawo lafiya, da hannunta za ta ɗaure masa injin, ta kuma ba shi haƙuri a gaban abokansa.

Yaya ya kalli wayoyin da ke kansa, ya ga babu hanyar ja da baya. Ya ce a zuba.

Aka ɗora yashi aka ɗaure. Auta ta bi shi har bakin taga ta ce ya ɗaura bel, kuma in ya ji baya na rawa kada ya danna birki da ƙarfi, ya saki totur kawai. Ya ɗaga mata hannu irin na sai an jima.

Farkon tafiyar lafiya lau, abokai na tsaye a bakin hanya suna ta kirari. Da ya kai inda hanyar ta ɗan gangara ya ƙara wuta, sai bayan tirelar ya leƙa hagu. Ya dawo ya leƙa dama. A na uku ya fizgi bayan Bene gaba ɗaya. Yaya ya manta duk abin da aka gaya masa ya take birki har ƙasa, tirelar ta kife gefe ɗaya, buhuna suka fashe, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, sai ga Bene a gicciye, hancinta cikin ciyawar gefen hanya.

Auta ce ta fara isa, a guje, ba ko takalmi. Yaya ya buɗe ƙofa ya sauko, ya zauna daɓas a kan kwalta. Ta duba kansa, ta duba hannuwansa, ko ƙwarzane babu. Ta ce alhamdu lillahi, ta miƙa masa ruwa.

Wallahi da ni ne a wurin, da sai na yi masa dariya har cikina ya ƙulle. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Abin da kawai ta yi, ta juya ta ce wa abokan su sauke wayoyin nan, yayanta ba abin kallo ba ne.

Shugaban manoma ya tsaya a kan tarwatsattsun buhuna yana kallo, don ya san da an bi tasa, da injinsu ne yanzu yake kwance a nan. Yaya kuwa ya ɗago kai ya ce, "Auta, ƙarfen nan da kika ce, har yanzu awa ɗaya ne?"

Minti hamsin ya ɗauke ta. Ta yanko ƙarfe mai kauri, ta sauko da ƙugiyar inci goma, ta sa mata tokara biyu ta gefe, Yaya na riƙe mata tana walda. Aka tayar da tirelar, murfin saman taya ɗaya ne ya lanƙwashe, fitila ɗaya ta fashe. Ta sake awo, gaba da baya suka zo daidai. Ta sa aka zaunar da injin ɗan gaba da tsakiyar tayoyi, ta ɗaure shi da sarƙa ta kusurwa huɗu.

Yaya ya miƙa mata mukulli, ta ƙi karɓa. Ta ce motarsa ce, shi ya san halinta, ita za ta zauna a gefe. Suka kama hanya a kan gudun kilomita arba'in, duk gangara sai ya sauke giya tun daga sama. Babura na wuce su, har mai keke ya taɓa jerawa da su, Yaya bai ƙara wuta ba. Tirelar ta bi su tiryan-tiryan, ko gezau.

La'asar sakaliya suka isa. Manoma maza da mata sun yi cirko-cirko a bakin rafi. Aka sauke injin, Auta ta haɗa bututu, ta cire iska daga layin mai, ta murɗa mukulli. Ya yi tari sau biyu ya kama. Bututun ya kumbura, ruwa ya yi tsalle ya faɗa babbar kwata, ya kama gudu zuwa kunyoyin tumatir, mata suka ɗauki guɗa. Auta ta juya baya tana share hawaye da hannun riga, duk ta shafa wa fuskarta baƙin mai, daɗi ya hana ta lura.

Shugaban manoma ya nufo Yaya da hannu biyu, yana cewa yau motarsa ta fitar da su kunya. Yaya ya zare hannunsa, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Ni direba aka ɗauka yau. Da an bi tawa, da yanzu tsintar injinku kuke a kan kwalta. Mai aikin ga ta can, ku je ku gode mata."

Dattijon ya taka har gabanta, ya cire hula, ya nemi gafara a gaban jama'arsa. Kafin su bar gonar, mutum biyu sun riga sun tambaye ta ranar da za su kawo mata taraktocinsu.

Darasi: Girman mota da kaurin murya ba sa canza nauyin kaya. Ka saurari wanda ya auna, ko da ƙaninka ne, ko da mace ce da kake ganin ka goya. Kai kuma da ka san gaskiyar aikinka, ka tsaya a kanta cikin ladabi, kuma in ta fito kada ka wulaƙanta wanda ya yi kuskure. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman direbobinmu masu jan kaya, wataƙila ya tsare wani a hanya.