Tulu da Tsumma

Akwai wani mutum mai gona a gindin dutse. Wata shekara ya dasa barkono, sai ruwan sama ya ɗauke, rijiyar gari kuma ta koma laka. Dashen ya fara sunkuyar da kai kamar ɓarawon da aka kama a rumbu.

Ran nan da asuba ya ratsa ciyawa zai duba gona, sai ya ji ƙafar wandonsa sharkaf. Ya ɗaga kai, babu hadari ko kaɗan. Ya tsaya yana mamaki: wa ya zo ban ruwa ko sallama babu? Ashe raɓa ce. Da yamma ya roƙi matarsa tsofaffin zannuwanta, ya shimfiɗa a kan ciyawa. Kafin rana ta fito ya matse su a ƙwarya, ya bi gindin barkono yana ɗiga masa.

Maƙwabcinsa Dogo, wanda nasa barkonon ma ke mutuwa, ya leƙo ya ce, "Baban Saratu, yau kai ne da wankin uwargida?"

Mutumin ya bayyana masa kome, bai ɓoye ba. Dogo ya yi dariya, ya ce shi ba za a gan shi da tsumman mata ba. Ya ɗauko babban tulunsa ya girke a tsakiyar gona. Da safe ya tarar bayan tulun ya jiƙe, ciki kuwa ƙayau, sai wani ƙadangare da ya kwana. Ya tafi wurin mutumin da fushi, wai an sace masa raɓa.

Mutumin ya ce, "Dogo, tulunka babba ne, amma dubi bakinsa. Raɓa ba ta neman ƙofa, inda aka shimfiɗa take sauka."

Dogo dai ya ƙi. Barkonon mai tsumma ya rayu har ruwa ya dawo, na mai tulu ya zama ƙirare.

Ma'anar wannan misali ita ce, alherin Allah ba kullum yake zuwa da tsawa ba. Yakan sauko shiru kamar raɓa, a kan zuciyar da ta shimfiɗa kanta, ko da ta tsufa ta yage. Mai girman kai kuwa tulu ne. Yana zuwa sujada, yana zama a bencin gaba, waƙa ma ya fi kowa murya, amma bayansa kaɗai ke jiƙewa. To, kada ka waiwayi na kusa da kai. Kai dai leƙa naka cikin, ka gani ruwa ne ko ƙadangare.