Hon ɗin da Inna ta sani

Akwai wani direban babbar mota da abokan aiki ke kira Sai-gaba, domin in ya ɗauki hanya ko shayi a tsaye yake sha. Kullum da sauri, kamar an biyo shi.

Gidan mahaifiyarsa na gefen babban titin da yake bi duk Talata da Asabar. Daga kan mota katanga kawai yake hangowa, da kan bishiyar da ke tsakar gida. A gindin bishiyar nan Inna take wuni, don shekara shida ke nan idanunta sun daina gani.

Duk lokacin da ya iso kwanar gidan sai ya ja igiyar hon ɗinsa na iska: dogo biyu, gajere ɗaya. Hon ɗin na marigayi mahaifinsa ne, daga tsohuwar motarsa ya ciro shi, kuma yana da 'yar shaƙewa a ƙarshe kamar mai mura. Inna na ji sai ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Shi kuwa ya taka mai ya wuce, zuciyarsa wasai, wai ya gaida uwa.

Wata rana ya ja igiya, sai ya ji fuuu, iska kawai. Ya kai motar wajen wani dattijo da ake kira Baba mai wayarin, wanda rumfarsa ke cike da tsofaffin fitilu da wayoyi a rataye.

Baba ya kwance hon ɗin, ya hura tiyon, ya buɗe gindinsa. Ya ce, "Ka ga wannan siririn faifan ƙarfen? Shi ke rawa ya ba da sauti, to ya tsage. Ba ni kwana uku in yanka wani daidai da shi."

"Kwana uku, Baba? A kan wannan gwangwanin? Ku dai tsofaffi ba ku san zamani ya wuce ku ba. Jefa shi bola."

Baba ya ajiye hon ɗin gefe. Sai-gaba ya tsallaka shagon gaba ya sa sabo fil, mai baki uku, mai ƙyalli, wanda in ya yi ƙara har awaki sai sun watse.

Wata biyu yana isowa kwanar yana ja, dogo biyu, gajere ɗaya. A ransa yana cewa yanzu ma Inna ta fi ji da kyau.

Ranar wata Alhamis ƙanwarsa, wadda ke zaune da Inna, ta kira shi.

"Yaya, ka canza hanya ne?"

"Wace hanya kuma? Shekaranjiya ma na wuce, na yi hon."

Ta ce, "To mu ba mu ji naka ba. Motoci nawa ke ihu a titin nan? Inna ta hana ni kiranka, wai kada a ɗaga maka hankali kana tuƙi. Duk Talata da Asabar tun safe take sa in juya mata kujera ta fuskanci titi. In rana ta faɗi sai ta ce, 'Wataƙila Asabar.' Yaya, abincin kirki ma ta daina ci."

Sai a lokacin ya tuna rabon da ya taka tsakar gidan nan an fi shekara. Kewar Inna ta taso masa gaba ɗaya: ƙamshin mayafinta, da yadda take laluba kansa in ya durƙusa. Ya kifa goshi a kan sitiyari ya daɗe bai ɗago ba.

Washegari ya tafi rumfar Baba yana jan ƙafa, don wanda ya ce a jefa abu bola ba shi da bakin tambayar inda yake.

"Baba, ina kwana. Wannan hon ɗin... ko Allah ya sa yana nan?"

"Wanne? Gwangwanin?"

Sai-gaba ya sunkuyar da kai, ya kwashe labari duka ya faɗa masa.

Baba ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Tun a satin na gyara shi. Na ga an goge shi har fentin ya suɗe, na san abin da aka riƙe haka mai shi zai dawo. Faifai uku na yanka. Biyun farko sun yi ƙara garau, na cire, don ba muryarsa ba ce."

Ya ɗaura shi, ya haɗa tiyo, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar ya ga ba kumfa. Aka jira tanki ya cika da iska. Sai-gaba ya ja igiya, sai ga muryar nan da shaƙewarta. Idonsa ya ciko.

Baba yana goge hannu ya ce, "Kawo in duba maka birki."

"Birkina lafiya lau, Baba."

"Au, yana ci? Na ɗauka shi ma ya lalace ne, tunda shekara guda ya kasa tsayar da kai a ƙofar gidanku."

Ranar Asabar ya iso kwanar ya ja: dogo biyu, gajere ɗaya. Sannan ya sauka gefen titi ya kashe mota.

Ya tarar da Inna tsaye dafe da bishiya, ta rame, fuskarta na wajen titi. Tana ce wa ƙanwarsa, "Ke, kin ji? Shi ne! Allah ya kiyaye hanya, Allah ya..."

"Inna, ga ni."

Ta yi cak. Ya durƙusa, ta laluba kansa, ta sauko kan kumatunsa.

"Yaushe ka tara gemu haka?"

"An kusa shekara, Inna."

Ta ce, "Ka ga, hon bai faɗa mini ba."

Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta toshe masa da tafin hannunta. "Zauna tukuna. In kana sauri ma, bari in gama ganinka."

Ranar dai Sai-gaba a zaune ya sha shayi, har ya huce a hannunsa.

Darasi: Gaisuwa daga nesa ba ta maye gurbin zuwa. In iyayenka na raye, taka birki ka shiga su taɓa ka tun ana tare. Kuma kada ka raina tsohon abu ko tsohon mutum. Tura wa wanda ka san ya daɗe bai leƙa gida ba.