Motar da Aka Haifa Jiya

Wai an gurfanar da Ɗan'azumi direba gaban alƙali saboda hayaƙin motarsa. Ana gobe shari'a ya canza bututun da injin ke shaƙar iska, hayaƙi ya ɗauke.

Alƙali ya ce, "Ka maida tsohon, a kama motar don hayaƙi. Ka bar sabon, a kama ta don doka ta hana canji. Zaɓi ɗaya."

Ɗan'azumi ya sosa ƙeya. "Allah gafarta Malam, me ya sa ta hana?"

"Motar da aka canza wa bututu ta zama wata mota daban!"

"Alhamdu lillahi! Ashe jiya aka haifi wannan, da bututunta ta zo, ba ta taɓa hayaƙi ba. A nemo tsohuwar a ɗaure, ni ma na sha wuyarta."