Dalilin da Ya Sa Barcin Tsofaffi Ba Ya Nisa

Dalilin da ya sa kakanninku ke kwana suna juyi a kan tabarma, ku zauna ku ji shi, yara.

A zamanin da, Barci da ƙafarsa yake shigowa gari bayan sallar isha'i, da ƙwarya cike da barci a ka da ludayi a hannu. Saboda girmamawa, da dattawa yake farawa, ya ɗebar musu mai kauri, sai abin da ya rage ya ba yara.

To, akwai wani tsoho, Baba Jatau, rago ne tun yana saurayi. Kullum ludayi ɗaya ba ya isar sa. Wata rana ya ce, "Kai Barci, ƙaro mini."

Barci ya ce, "Yi haƙuri, Baba, sauran na jikokinka ne."

Jatau ya yi tsaki. Ran kasuwa ya sayo wani garin magani wurin wani mai talla, ya kawo wa sa'o'insa a gindin tsamiya. Ya ce, "Ga barci a ƙulle cikin tsumma. Wa zai ƙara jiran wancan marowaci?"

Dattawa da furfurarsu suka yi ta wawaso kamar kaji sun ga tsaba.

Da Barci ya zo ya yi sallama, sai minshari ya amsa masa. Tabawa matar Jatau ta leƙo ta ce, "Malam ya ce ka wuce, ya sami wanda ya fi ka."

Barci ya juya ya nufi ɗakin yara. Ya juye wa yara ƙwaryar duka.

Ba a daɗe ba magani ya fara gardama. Jatau ya koma shan cokali, ya koma tafin hannu, ido ƙyam. In ya tashi, kai kamar an ɗora masa turmi, har ya faɗi a bakin zaure ya rasa haƙori. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ya tare Barci a hanya, ya durƙusa da gemunsa. Barci ya ce, "Tashi, Baba, kada yara su gan ka. Amma ƙafata ta riga ta saba da ɗakinsu. In na kankare gindin ƙwarya zan kawo muku, duk lokacin da na sami sarari."

Shi ya sa har yau tsoho ke riga zakara farkawa, amma da tsakar rana, ana cikin hira, sai ka ga kansa ya rataya. In ka taɓa shi kuma ya rantse maka idonsa biyu.