Matsattsakun Tafkin Zumurrudu

Masu riwaya sun ce, a zamanin da mutum da aljan suke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, Yarima Urwatu ya bar fadar mahaifinsa tare da Ma'arufu, wanda suka sha nono ɗaya da shi, saboda wata shela da ta iso daga Birnin Marjan. Sarkin birnin, Dailamu, tsufa ya kai shi inda cikinsa ba ya karɓar komai sai nonon wata farar taguwa, wato raƙumarsa, ga shi kuwa hantsarta ta kumbura da mataccen jini, masana sun tabbatar babu abin da zai zuƙe shi sai matsattsakun Tafkin Zumurrudu da ke ƙasar aljannu. Wanda duk ya warkar da ita, shi zai auri 'yar Sarki, Gimbiya Rumaisa'u, ya gaji sarauta.

Suka keta hamadar da rairayinta ke nishi kamar mai jinya, suka ratsa birnin matsafa mai ƙofofin tagulla da tsuntsayen ƙarfe da rijiyoyi masu tafasa, har suka iso tafkin. Ma'arufu ya tsaya can nesa yana riƙe da raƙuma. Urwatu kaɗai ya tsaya gaban Duwaira, sarauniyar aljanun ruwa.

Ta ce, "Ya kai bil'adama, ba a kama su da taru. Za ka shiga da ƙafa tsirara, waɗansu su sha jininka, ka ɗebi waɗanda suka biyo ƙamshinsa. Kada ka ciyar da su a hanya, domin wanda ya ƙoshi ba ya kamu. In sun gama aiki, a shigo ruwan nan a sakar mini su."

Urwatu ya shiga, ya cika tulu, guda bakwai da suka rage ya zuba a salkarsa. Jinin da ya zubar ya sa jiri ya kwashe shi da tsakar rana, ya kwanta a inuwar dabino. Da ya farka, babu tulu, babu raƙuma, babu Ma'arufu. Salkar kawai aka ajiye masa kusa da kansa, an ɗaure bakinta da irin ƙullin da mahaifiyar Ma'arufu ta koya musu suna yara. Wannan ƙulli ya fi ƙishirwa cin ransa.

Kwana huɗu ya yi yana tafiya da ƙafa, ruwa na motsi a kafaɗarsa, bai kurɓa ba don kada matsattsakun su mutu, sai raɓar safiya yake lasa.

Ya isa fadar Marjan ya tarar da taguwa a durƙushe, an ɗauko Sarki a kan gado, Ma'arufu yana ɗora matsattsaku a hantsarta suna sulalewa ƙasa, jibga-jibga, don ya ga sun rame a hanya ya yanka barewa ya ba su jini.

Urwatu ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙosassu ne. Masu yunwa suna cikin salkar nan."

Ma'arufu ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wannan bawana ne da rana ta taɓa masa hankali. Ni na shiga tafkin."

Gimbiya Rumaisa'u ta ce daga bayan labule, "To, kowannenku ya naɗe wandonsa."

Ƙafafun Urwatu duk tabo ne, kowane tabo mai tsaga uku. Na Ma'arufu sumul suke, har da sheƙin mai.

Urwatu ya wanke hantsar da ruwan ɗumi, ya ɗora guda bakwai ɗin, suka kama nan take. Da wani bafade ya miƙa hannu zai fizge ɗaya, Urwatu ya riƙe shi, ya ce a bar su su saki da kansu, domin fizga tana barin miki. Suka cika, suka faɗo. Bayan kwana uku aka tatsi taguwa, Sarki ya sha, ya tashi zaune.

Aka ɗaura aure, aka naɗa wa Urwatu rawani, aka gurfanar da Ma'arufu gabansa.

Ma'arufu ya ce, "Yaya, na bar maka ruwa fa."

Urwatu ya ce, "Ka bar mini, na gani. Shi ya sa ba za a taɓa wuyanka ba. Amma akwai alkawarin Duwaira a kaina. Ɗauki tulun da ka sani, ka mayar mata da matsattsakunta. Ba a sakinsu daga bakin gaɓa, Ma'arufu. Sai ka tuɓe takalmi."

Ma'arufu ya fita rungume da tulun. Urwatu bai bi shi da kallo ba. Ya sa aka rataye salkar a zaurensa, ya mayar mata da ƙullin nan da hannunsa, kuma har ƙarshen mulkinsa bai yarda kowa ya kwance shi ba. A nan masu riwaya suka ajiye alƙalami.