Yadda Hoton Auta Ya Kwanta

Shekara shida na yi ina amsa wayar masu ƙorafi a wani ƙaramin kamfani mai haɗa shafukan intanet, kuma ban taɓa zama kusa da mai kaifin ƙwaƙwalwa irin abokin aikina da muke kira Sha-yanzu ba. Allah ya ba shi kai, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Sai dai ya haɗa da gaggawa da raina mutane. Duk matsalar da ka kawo masa, kafin ka rufe baki ya ce, "Wannan ai sha yanzu ne, magani yanzu." Daga nan sunan ya bi shi. Ba ya gwada aikinsa sau biyu, kuma idan abu ya lalace, to laifin mai amfani da shi ne.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman bene. Tebur uku ne a ciki: nawa, nasa, da na Maigida, mai kamfanin, wanda ba ya zama sai in rigima ta taso. Akwai wata fanka da ke kuka fiye da yadda take ba da iska. A wannan shekarar wata makarantar koyon aikin jinya ta ba mu aikin shafin da masu neman shiga za su yi rajista. Kowa zai cike bayanansa, ya ɗora hotonsa, makaranta ta buga masa katin jarrabawa. Dokarsu a rubuce take a saman shafin: duk hoton da bai fito a tsaye ba, an soke takardar mai shi.

Cikin masu neman har da ƙanwar Sha-yanzu, autar gidansu, wadda kowa ke kira Auta. Sau biyu tana nema ba ta samu ba, kuma bana ce shekararta ta ƙarshe, domin baɗi ta wuce shekarun da makarantar ke ɗauka. A wani shagon magani take aiki, tana karatu a bayan kanta in babu mai saye. Ranar da aka buɗe shafin ta hawo benenmu tana haki, ta ce, "Anti, don Allah duba mini ko hotona ya fito daidai." Na buɗe na duba. Ga ta nan a tsaye, jikin wani farin bango mai faɗi, har ana ganin gefen taga. Na ce mata ta je ta kwantar da hankalinta, nata lafiya lau.

Kwana biyu da buɗewa wayata ta fara ruri. Wannan ta ce hotonta ya kwanta, wancan ya ce nasa ya jingina da kunne. Wata uwa ta kira ta ce ita dai ta san a tsaye ta haifi 'yarta, me ya sa muka kwantar da ita? Ko dariya ban iya yi ba. Kullum sai na tashi da kunne mai zafi, na isa gida ban da ƙarfin ko amsa sallamar yara.

Na kai wa Sha-yanzu maganar. Bai ko ɗago kai ba. Ya ɗauki hoto da wayarsa, ya ɗora, ya juyo mini da allon kwamfuta.

"Ga shi nan a tsaye, Anti. Mutanenki ne ba su iya riƙe waya ba."

"Mutum ɗari biyu duk ba su iya ba?"

"Ko dubu biyu ne. Ki ce su sake."

Suka sake, hotuna suka sake kwanciya. Da abin ya ishe ni, na sauka wajen mai gyaran waya da ke ƙasan benenmu, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Na nuna masa hotona da na gwada: a wayata yana tsaye, a shafinmu yana kwance. Ya yi murmushi ya ce ai waya ba ta juya hoto. Yadda idon kyamara ya kama shi haka take ajiye shi, ko a kwance ko a kife, sai ta liƙa masa wata 'yar alama a ɓoye mai cewa nan ne sama. Duk manhajar da ta karanta alamar sai ta miƙar da shi. Ya ce, "Ki tambayi mai aikinku, ko yana rage girman hotunan kafin ya ajiye. Galibi a nan ake yar da alamar."

Haka kuwa abin yake. Sha-yanzu ya tsara cewa duk hoton da ya shigo babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda muke kira saba, a matse shi ya ƙanƙance, a goge na asalin don kada wuri ya cika. Alamar tana tafiya tare da na asalin. Na ce masa ya gyara yadda za a karanta alamar kafin a matse, waɗanda suka riga suka kwanta kuma mu zauna mu miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, tunda akwai sauran kwana tara.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yanzu mai liƙe batir ne zai koya mini aikina? Anti, ki tsaya kan wayarki, ni in tsaya kan kwamfutata."

Na koma kujerata. A nan na yi nawa kuskuren, ban ɓoye ba. Ya kamata in kai wa Maigida maganar a ranar, amma na gaji da jayayya, na ce in ya huce gobe zai gyara. Gobe ta zama jibi, har kwana tara suka ƙare.

Ranar Alhamis, ranar rufewa, Maigida ya shigo da ƙarfe biyu yana huci. Magatakardar makarantar ta kira shi ta wanke shi tas, ta ce ƙarfe huɗu daidai za su kwashe bayanai su miƙa wa masu buga kati, kuma ba za su ƙara ko minti ɗaya ba. Ya buga tebur ya ce wa Sha-yanzu in hotunan nan ba su miƙe ba, kada ya sake ganinsa a ɗakin.

"Ranka ya daɗe, minti goma ya isa," in ji Sha-yanzu.

Ya buɗe hotuna biyar cikin waɗanda suka kwanta, ya ga duk faɗinsu ya fi tsayinsu, kuma duk gefe ɗaya suka kwanta. Sai ya rubuta wa kwamfuta umarni layi uku: duk hoton da faɗinsa ya fi tsayinsa, a juya shi dama. Na ajiye waya na matso.

"Wanda ya kwanta ta ɗaya gefen fa? Wanda kuma yake da faɗi amma a tsaye yake?"

"Wa zai ɗora hoton rajista mai faɗi? Sai ka ce hoton biki."

"To ka ajiye kwafi, ka gwada a kan goma tukuna."

"Babu lokaci," ya ce, ya danna. Ya duba biyar ɗin nan ya ga sun miƙe, ya nuna wa Maigida, ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya tafi cin abinci.

Ni kuwa waya ba ta bar ni na numfasa ba, masu rajistar ƙurarren lokaci sun taso ni a gaba. Sai huɗu da 'yan mintoci na samu na leƙa hotunan. Innalillahi! Wasu sun miƙe, gaskiya. Amma waɗanda da can suka kwanta ta ɗaya gefen yanzu kansu na ƙasa, ƙafa... wace ƙafa ma, wuyansu ne a sama. Waɗanda suke da faɗi kuma suna tsaye lafiya, duk an kwantar da su. Sai na tuna farin bangon nan mai faɗi. Na nemo sunan Auta. Tana kwance a gefen dama, tana murmushi. Makaranta ta riga ta kwashi komai tun huɗu.

Mutum ɗari uku da sha ɗaya aka soke. Maigida ya je ya yi magiya, Sha-yanzu ma ya je da kansa, ya yini a bakin ofishin magatakarda da hoton ƙanwarsa a hannu. Matar ta ce ta tausaya masa, amma sunaye sun bar hannunta, an raba kujerun zauren jarrabawa, bakin alƙalami ya bushe. Ta ce in ta buɗe wa ƙanwarsa ƙofa, me za ta ce wa sauran ɗari ukun? Makarantar ta ƙwace aikin daga hannunmu a makon.

Ran Litinin da hantsi Auta ta hawo benen, a hankali wannan karon. Ta miƙo mini wayarta da saƙon sokewar.

"Anti, ba ke kika duba mini ba? Kin ce lafiya lau."

Wallahi ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Sha-yanzu na zaune ya dafe kai. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Ba laifinta ba ne, Auta. Naki daidai yake. Ni na juya shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, da ka juya, ko nawa ba ka buɗe ka duba ba?"

Ta karɓi wayarta daga hannuna, ta ce bari ta koma, ta bar shago ba kowa.

Da yammacin ranar Sha-yanzu ya zauna ya yi gyaran da aka faɗa masa tun farko, duk da babu sauran mai ɗora hoto a shafin. Ina kallon agogo. Awa ɗaya da rabi ya ɗauke shi, har da gwadawa da waya iri huɗu. Ƙarshen wata ya kwashe kayansa ya bar kamfanin. Auta tana nan a shagon magani har yau, in na je saye mu gaisa, ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mutum ya yi gaggawar gyara abin da bai tsaya ya gane dalilin lalacewarsa ba, domin garin gyaran gira ake rasa ido. Gaskiya ba ta raguwa don ta fito daga bakin wanda ka raina, kuma aikin da ke hannunka, komai ƙanƙantarsa, akwai wanda rayuwarsa ta rataya a kai. Wanda kuma ya ga ɓarna na tahowa ya yi shiru don ya gaji, shi ma yana da nasa kason. Ka tambaya, ka gwada a kan kaɗan, ka duba da idonka, sannan ka ce ka gama.